Abin da Na Dasa a Takalmin Baba

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Yaya Awalu ya sayo kwaɗo. Ko ɓoyewa bai yi ba, a kan firij ya ajiye shi cikin kwalinsa, inda duk mai neman ruwan sanyi zai gani. Na ƙofar ɗakin Baba ne.

Jiya ne karo na biyu. Baba ya fita sallar azahar a masallacin bayan gidanmu nan unguwar Alabar, wurin da ko taku ɗari bai kai ba, bai dawo ba sai da wani direba ya riƙo hannunsa daga tashar Race Course ana kiran magariba. Wai a bakin wata mota ya same shi yana kiran fasinjan Tawa. Babu motar Tawa a wurin. Baba ya baro garinsu Tawa yana ɗan shekara goma sha bakwai, ya yi shekara arba'in yana lodin motoci a tashoshin Kumasi, kuma ya ajiye aikin tun ina sakandare.

Yaya ya ce da ni, "Fadila, ke kina shago, ni ina wurin aiki a Magazin, Mma ƙafa ya ƙi. Wa zai bi shi? Gaya mini, wa?"

Na ce ya ba ni wata ɗaya. Ya ce wata ɗaya na me. Na ce na aikina. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci, wadda yake yi mini tun ranar da na ce lantarki zan karanta ba aikin nas ba.

Mma ba ta goyi bayan kowa ba. Tana tsintar shinkafa ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin Baba ya rasa sahu ba. Ni ma abin da ke cina ke nan. A kulle shi, a kira salla yana ji, ba zan iya gani ba.

Talata, 7 ga Oktoba, hantsi, a shago

Ga abin da na dogara da shi bayan Allah. Wata sabuwar maikurokontirola ce, mu masu gyara kontirola kawai muke cewa. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da ake dasawa a cikin kaya, irin wadda ke cikin mitar wuta ko injin wanki. Ka rubuta mata abin da za ta yi, ta yi ta yi har ranar da wuta ta ƙare mata, ba gardama, ba mantuwa.

Mai kawo mini kayan gyara daga unguwar Adum ne ya zo da su makon jiya, na ɗauki biyu don kwaɗayi kawai, ban san ranarsu za ta zo da wuri haka ba. Faɗinta bai kai farcen babban yatsana ba, kuɗinta kuma bai kai na waakye, wato shinkafa da wake, kwano biyu ba. Tsohuwar da na saba aiki da ita kwana ɗaya take shanye batiri tas. Wannan kuwa ƙwaƙwalwa biyu gare ta, babba da ƙarama. Babbar na barci, ƙaramar na gadi, kuma gadin ba ya cin wutar kirki. Na jona mita na duba, abin da take ja in tana barci ya yi ƙanƙanta har na zaci mitar ce ta lalace. In lissafina daidai ne, caji ɗaya zai kai mako biyu. Da bulutut ɗinta a jikinta, ba sai na ƙara wani abu ba, ga ƙafafu arba'in da takwas na jona duk abin da mutum ya ga dama.

A takardar bayaninta an rubuta cewa tana da mai tsaro na ciki. In ta rikice ta tsaya cik, shi zai tashe ta ta fara daga farko, komai ya koma yadda yake. Sau uku na karanta wannan layin.

Shirina mai sauƙi ne. Zan jona mata sensar motsi, da GPS, da ɗan sim. Baba ya motsa, ta farka, ta turo mini inda yake a waya. Ya zauna minti biyu, ta koma barci.

Laraba, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Matsalar ita ce a ina zan sa ta. Hula, yana cire ta wurin alwala ya bar ta a kan bulo. Riga, Mma na wankewa, kuma watan jiya riguna biyu ya cire ya ba masu bara. Wayarsa tun ran da muka tsamo ta daga tukunyar koko muka haƙura.

Sai takalminsa. Na fata ne mai kaurin dunduniya, Amidu mai ɗinkin takalmi na bakin layinmu ya yi masa shi shekara shida da suka wuce. Ba ya fita sai da shi. Ko wa Baba ya manta, bai manta wannan takalmin ba. Har masallaci na yi wa lissafi: zai cire, ta yi barci, ya fito ya sa, ta farka. Gaskiya na ji daɗin kaina.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Yau ma Baba ya kira ni Barkisu. Gwaggo Barkisu ƙanwarsa ce, a Tawa ta rasu, ban taɓa ganinta ba. Na amsa.

Asabar, 11 ga Oktoba, yamma

Na sace takalmin yana barcin rana na kai wa Amidu. Ya juya ɗan allon a tafin hannunsa, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Hajiya injiniya, shekara talatin ina dinki takalmi, ban taba sa rediyo ciki ba. Zai yi magana ne?"

Na ce zai yi, amma da ni kaɗai.

"To in Alhaji ya taka shi fa? Ba zai mutu ba?"

Na ce shi ya sa na zo wurin gwani. Nan take ya gyara zama. Ya fafe dunduniyar dama kamar ƙwarya, na kwantar da kontirolar da batirinta, na zuba gam mai hana ruwa, ya rufe ya ɗinke, ya bar mini 'yar ƙofa a gefe ta caji. Ya ƙi karɓar komai. Ya ce ranar da ya sauka Kumasi daga Bawku ba shi da kowa, Baba ne ya ba shi benci a tasha ya kwana, da safe ya saya masa koko da ƙosai.

Ina dawowa na tuna lokacin da nake kai wa Baba abincin rana a tasha. Motar ko rabi ba ta yi ba, amma sai ka ji muryarsa har bakin titi: "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!" Wata rana na ce Baba, ai wannan ƙarya ce, malaminmu na makaranta ya hana. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce, "Ba ƙarya ba ne, haƙuri nake raba musu. Mai jira in ka ce masa saura goma, sauka zai yi. In ka ce saura ɗaya, sai ya zauna." A lokacin Hausar Kumasi yake yi kamar kowa. Yanzu ta Tawa ta dawo bakinsa, wata kalmar ma sai Mma ta fassara mana.

Litinin, 13 ga Oktoba, azahar

Ta yi aiki! Ladan na fara kira wayata ta yi ƙara. Ni na rubuta saƙon da hannuna, amma da na gan shi sai da hawaye ya zo mini: "Baba ya tashi." Na buɗe taswira, ga ɗan shuɗin ɗigo yana fita daga gidanmu, ya sha kwana wurin mai sayar da gawayi, ya tsaya a ƙofar masallaci. Bayan minti biyu ta yi barci. Aka idar, ta farka, ɗigo ya dawo gida.

Na rufe shago na ruga na nuna wa Mma. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wannan ɗan abin shi ne Alhaji? Kai, ya rame."

Rabon da in ji dariya a gidanmu har na manta.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan magariba

Na zana da'ira a taswira kewaye da unguwa, in ya tsallake ta waya ta yi kururuwa. Yau bayan la'asar ta yi. Maimakon ya juyo gida sai ya miƙe hanyar Race Course. Minti goma ban yi ba na cim masa a gefen masu sayar da albasa, yana sauri kamar mai jiran albashi. Na riƙe hannunsa, ya ce, "Barkisu, mu tahi, motar za ta tashi." Na ce sai gobe, yau ta riga ta tafi. Ya biyo ni ba musu.

Yaya bai ce na yi ƙoƙari ba, ba ya cikin halinsa. Amma da na je shan ruwa kwaɗon ba ya kan firij, ya mai da shi cikin durowa.

Juma'a, 17 ga Oktoba, yamma

Yaya ya raka shi babban masallaci sallar Juma'a, ni ina bin su a waya. Lafiya lau suka je, lafiya lau suka dawo.

Litinin, 20 ga Oktoba, hantsi

Jiya an tafka ruwa, kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa, Baba ya ratsa ta zuwa la'asar. Gam ya riƙe. Wuta ta ɗauke, netwok ya ɓace kusan awa ɗaya, amma ta adana duk inda ya taka a cikinta, da netwok ya dawo ta turo mini su a jere, ba ta zubar da ko ɗaya ba. Kwana tara ke nan, batiri bai sauka ƙasa da rabi ba. Wani mai babur da ya kawo gyaran waya ya ga taswirar ya ce in yi masa irinta, an sace masa babur sau biyu.

Da daddare jiya bai gane Mma ba. Ba zan rubuta abin da ya ce mata ba. Yau da safe ta kai masa shayi kamar kullum.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

Gobe Yaya zai kai kaya Obuasi, ba zai samu Juma'a a gari ba. Ya ce Baba ya yi azahar a gida kawai. Na ce saboda me, ai dalilin da na yi abin ke nan. Na cika mata caji jiya ma.

"Fadila, Juma'a ba kaman sauran rana ba ne. Mutane ya yi yawa."

Na ɗaga masa waya na ce, "Yana cikin nan, Yaya. Duk inda ya sa ƙafa ina gani."

"Kin tabbata?"

Na ce na tabbata. Har da ɗan murguɗa baki na haɗa masa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, bayan magariba

Baba bai dawo ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, ko kaina zai daina maimaita shi.

Sha biyu da rabi waya ta ce Baba ya tashi. Na bi ɗigon har ƙofar babban masallaci, ya tsaya, ta yi barci. Aka idar da salla, mutane suka fara wucewa ta gaban shagona da dardumominsu, ɗigo bai motsa ba. Na ce lazimi yake yi, dama yakan daɗe. Har abinci na ci. Sai biyu da rabi ta farka. Ɗigon ya fito titi, ya ɗan tsaya, sai ya fara gudu irin na mota. Ya tsallake da'irata, ya bi ta Aboabo, ya nufi Asokore Mampong.

Ban tsorata ba, kuma wannan ne ba zan yafe wa kaina ba. A natse na rufe shago, na tari pragiya, keken nan mai ƙafa uku, ina riƙe da waya ina ba direban hanya, hagu, dama, miƙe, ina jin kaina wata babba. Cunkoson Aboabo ya ci mana kusan awa ɗaya. Ɗigon ya tsaya a wani gida mai koren ƙyaure. Na yi sallama na shiga, ga takalmin Baba a bakin wani ɗaki an jera shi tsaf. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi.

Wani dogon mutum ya ɗaga labule ya fito. Ban taɓa ganinsa ba. Malam Sulemana sunansa, magini ne. Na nuna takalmin na ce ina mai shi.

"Ah, 'yata, naku ne? Alhamdulillahi. Ni na fito masallaci, silifa na babu. Na duba, na duba, babu. Na zauna har kowa ya tafi, wannan kadai ya rage. Ka san yadda muke yi, wanda ya rage shi za ka sa ka je gida, Juma'a mai zuwa ka kawo. Wallahi kunya ma ya kama ni, wannan ya fi nawa kyau sosai."

Na zauna a ƙasa, a wurin, ban san na zauna ba. Da kyar na tambaye shi kamannin silifansa. Ya ce shuɗi ne na roba, na hagun an riƙe shi da ƙusa.

Na san wannan al'adar. Wa bai san ta ba a Zongo? Yaya ma ya taɓa dawowa da takalmin wani, muka yi mako muna masa dariya. Na yi tunanin ruwa, na yi tunanin ɗauke wuta, na yi tunanin zafin kwalta. Ban yi tunanin Baba zai tsaya a gaban takalma ɗari biyar ya kasa gane nasa ba. A masallacin bayan gida takalma ashirin ne, kuma kullum a gindin famfo yake ajiye nasa. Lokacin da na tashi daga ƙasan gidan Malam Sulemana an yi la'asar. Baba ya fi awa uku da fita, ni kuma ina bin wani mutum.

Malam Sulemana ya zura silifan matarsa ya biyo ni. Har yanzu yana tare da su Yaya, shi da bai san mu ba jiya da safe.

Asabar, bayan azahar

Race Course, sau uku. Tsofaffin tasha sun ce ba su gan shi ba. Ɗaya ya ce kamar ya gani, ɗaya ya ce wancan Laraba ce.

Lahadi, 26 ga Oktoba, hantsi

An yi cigiya a lasifikar masallatai, Alabar, Aboabo, Sawaba, har Asokore Mampong. An kai wa 'yan sanda hoto. An tura a duk wani guruf na waya da muka sani. Amidu ya rufe rumfarsa, tun jiya yake bin kasuwa yana kallon ƙafafun mutane, wai shi ta ƙafa yake gane mutum.

Mata sun cika gidan. Kowace da labarin wani tsoho da ya ɓata aka gan shi, wasu kuma labarin nasu sai su katse a tsakiya su ce Allah dai ya sa a dace. Mma tana amsa gaisuwa, tana cewa an gode. Ba ta ce mini komai ba. Da ma ta zage ni.

Lahadi, yamma

Takalmin na bakin ƙofarsa. Kontirolar tana barci. Batiri tamanin da ɗaya.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan azahar

Yau Yaya ya je asibiti, can ɓangaren baya inda ake ajiye gawa. Ya hana ni bin sa. Ya daɗe. Da ya dawo ya wanke fuska a famfo ya ce ba ya can. Na yi hamdala, sannan na ji me nake wa hamdala.

Muna zaune a baranda mu biyu na gaya masa abin da na ɓoye. Ranar Juma'a, da waya ta yi kururuwa biyu da rabi, ban kira shi ba, ban kira Amidu ba, ban kira kowa ba har bayan la'asar. So nake in dawo da Baba da kaina, in ya dawo daga Obuasi in ba shi labari ina dariya. Da na kira mutum ɗaya ya leƙa masallaci, da tun a lokacin an san ba Baba ne a cikin takalmin ba.

Na jira ya yi faɗa.

"Ran Juma'an da na raka shi," ya ce, "da muka fito ya tsaya yana ta kallon takalma. Ni na nemo nashi na sa masa a gaba. Ban gaya miki ba. Ban ɗauka wani abu ne ba."

Bai taɓa kuka a gabana ba, ko ranar da motarsa ta ƙone. Na tashi na ba shi wuri.

Litinin, bayan la'asar

Na buɗe takardar bayanin kontirolar ina karantawa, ban san dalili ba. Tana jure zafi, tana jure sanyin da ba a taɓa yi a ƙasar nan ba. Tana farkawa daga barci kafin ƙiftawar ido. Batiri tamanin.

Talata, 28 ga Oktoba, hantsi

An gan shi. Yana da rai. Techiman.

Talata, bayan magariba

Wani direba mai suna Abdul-Manan ne ya kira lambar da ke jikin hoton. A tashar garin Techiman, can kan hanyar arewa, ya gan shi zaune a kan benci yana kiran fasinja. Ya ce tun yana yaron mota ya san Baba. Shi ya kawo shi har ƙofar gida, ya ƙi ko zama ya sha ruwa. Yadda Baba ya kai can ba wanda ya sani. Abdul-Manan ya ce tsohon ɗan tasha in ya hau mota ba a tambayarsa kuɗi, ba a tambayarsa ina za shi, girmamawa ce.

Silifa ɗaya ne a ƙafarsa, na hagun mai ƙusa. Rigar Juma'arsa babu, wata singileti ce a jikinsa da ba tamu ba. A aljihun wandonsa akwai ƙullin gyaɗa da rabin burodi, ke nan wani bawan Allah ya ciyar da shi. Ƙafar damarsa ba zan bayyana ta ba. Ni na wanke ta da ruwan ɗumi da gishiri, bai ko motsa ba.

Ya kalli Mma ya ce, "Motar ta lalace bisa hanya." Ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji." Kwana huɗu, abin da muka sani ke nan.

Alhamis, 30 ga Oktoba, yamma

Kafinta ya zo da safe ya buga ƙarfen kwaɗo a ƙofar.

Na gwada, don kada in ce ban gwada ba. Na ce wa Yaya ina da kontirola ta biyu, zan ɗinke ta a fata kamar laya a ɗaura masa a ƙugu ko a damtse. Wannan karon bai yi dariyar hanci ba, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na ji, Fadila. In ya kwance fa?" Mma ta ce ai ko bandejin ƙafarsa sau biyu ya kwance jiya. Duk abin da za a sa wa mutum, mutum na iya cire shi.

Ba na jin haushin kontirolar. Na so in ji, na kasa. Abin da na ce ta yi shi ta yi, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Takalmi na ba ta tsaro, ta tsare takalmi har Asokore Mampong. Mai babur ya dawo yau, na ce masa zan yi masa, kuma za ta yi masa aiki, don babur ba ya sauka daga kan kansa.

An yanke cewa Yaya zai riƙa kai shi asuba, da magariba da isha in ya dawo daga Magazin, da Juma'a in yana gari. Azahar da la'asar a ɗaki. Sai maganar makulli. Mma ta ce, "Ni ba zan kulle mijina ba," ta shige kicin. Yaya ƙarfe shida yake fita. Ya ajiye makullin a kan benci tsakaninmu, ya ƙi kallona.

Yana cikin zoben makullan shagona yanzu.

Asabar, 1 ga Nuwamba, hantsi

Na saya wa Malam Sulemana sabon silifa na kai masa. Ya karɓa da kyar, ya ce in ba shi tsohon na hagun ma, zai ajiye. Ya tambayi jikin Alhaji. Na ce da sauƙi.

Litinin, 3 ga Nuwamba, azahar

Watan da na roƙa saura kwana uku ya cika.

Na kwaso aikina daga shago na dawo da shi baranda, bakin ƙofarsa, don Mma ba ta iya zama a wurin. Ladan na fara kira na ji ya miƙe daga gado. Ya taɓa ƙofar, ya sake taɓawa. Bai buga ba. Ya ce, "Barkisu, ina takalmana?" Na buɗe, na durƙusa na sa masa su a hankali saboda ƙafar, na ce ina zuwa, na fito, na mai da kwaɗon. Makullin ya faɗi, na duƙa na ɗauka.

Waya ta yi ƙara. Baba ya tashi.

Na buɗe taswira. Ɗigon na kan gidanmu. Ina jin takunsa, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, yana ɗan jan ta dama. In ya tsaya ta yi barci, in ya ɗaga ƙafa ta farka ta sake gaya mini Baba ya tashi. Sau biyar ta gaya mini. Na san layin da zan goge ta yi shiru, minti ɗaya ba zai ɗauke ni ba. Ban goge ba.

Aka ta da iƙama a masallacin bayan gida, muna jin liman kamar a tsakar gidanmu yake. Takun ya matso ya tsaya daf da ƙofa. Ya yi ƙasa da murya, irin yadda fasinja mai kunya ke yi.

"Barkisu. Motar ta cika?"

A kicin Mma ta daina kankare tukunya.

Na ce, "Saura mutum ɗaya, Baba."

Ya ce, "To."

Na ji gadon ya yi ƙara, ya zauna. Bayan minti biyu ta yi barci.